Karan da Na Bari a Rumfar Mai Yadi

Tun farkon damina, ranar da muka kai maƙwabcina makwancinsa, ban zauna wuri ɗaya ba. In na shimfiɗa tabarma a zaure sai in ji kamar ana kirana a cikin gida, in na shiga gida sai in ga zauren ya fi iska. Mai ɗakina ta ce tsufa ne. Babban ɗana ya ce hawan jini ne, ya kawo abin awo ya ɗaure min a damtse, ya karanto wasu lambobi biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ni na san abin da ke damuna, kuma ba ya cikin lambobin nan. Bayan haɗuwa da Ubangijina, abu ɗaya nake tsoro a duniyar nan: a saka mutum a kabarinsa, a sake ɗago shi don ramin bai kai ba. Na taɓa gani da idona, kuma ni na jawo.

Abin da ya fama min tsohon mikin bai taka kara ya karya ba a wurin kowa sai ni. Da aka gama yi wa maƙwabcin nawa wanka da sutura, na tsaya ina jira a yi yadda na tashi na tarar ana yi, wato a zaro karan dawa, a shimfiɗa shi gefen mamaci daga kai zuwa diddige, a karya daidai tsawonsa, a ba wani ya kai wa masu haƙa. Sai na ga ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ciro waya, ya ɗan dubi gawar, ya ce, "Ku yi ƙafa shida, zai isa." Ya mayar da wayar aljihu. Na matsa kusa da shi na ce, "Ɗana, ba za a kai kara ba?" Ya russuna ya ce, "Baba, ai sun saba. Kuma ina za mu samu kara a unguwar nan?"

Na fita da zafina don in nuna masa kara ba ya wuya a ƙasar Daura. Sai da na tsaya a bakin layi, na duba gabas na duba yamma, sannan na gane yaron ya fi ni gaskiya. Duk unguwar katangar bulo ce, babu danga ko ɗaya. Na leƙa wajen mai ƙosai, da gawayi take suya. Na shiga gidan wani mai kiwon tumaki, dusa yake ba su da harawa a buhu. Sai can bayan kasuwa na samu mai sayar da abincin dabbobi, ya zaro min guda ɗaya daga ƙarƙashin tari yana kallona kamar zai tambaya ko lafiya. Kafin in dawo an yi salla an wuce. Na hau babur na bi su, kara a hannu yana kaɗawa, na isa ana kwaɓa ƙasar rufi. Kabarin ya yi daidai, har da sauran wuri. Na tsaya a bayan mutane da karana, wasu suna satar kallona, na ji wani ya ce wa na kusa da shi a hankali, "Allah dai ya sa mu gama lafiya."

Ba wai awo ya yi ƙaranci a zamanin nan ba, yawa ma ya yi. Tun da aka ce an dawo da shari'a ban taɓa jin ana maganar awo kamar yanzu ba. Liman ya hau mumbari ya ja kunne a kan tauye mudu, 'yan kwamiti su zagaya kasuwa suna kifa kwanuka suna duba ko an buga gindinsu ya shige ciki, kuma wannan abu ne mai kyau, ban ce komai ba. Amma duba yadda muke zaune. A gidan mai lita ce, ka tsallaka titi wajen 'yan bumburutu ta koma galan. Atamfa yadi, wayar lantarki mita. Fili ƙafa hamsin da ɗari ne a bakin dillali, in takardarsa ta fito sai ka ga mita. Kafinta ya aike ka ƙusa inci uku, a asibiti a ɗora jikarka a sikeli a ce kilo kaza. Tsohon direba ya ce maka Kongolam mil kaza ne alhali allon da ke gabansa kilomita ya rubuta. Ko zakkar fid da kai da muka sani da cikin tafi biyu sau huɗu, yanzu sai ka ji ana faɗarta a rediyo da kilo. Kowa yana yawo da awo biyu a kansa, kowa kuma yana ganin ya iya juya wannan zuwa wancan ba tare da ya tsaya ba. Ni ma haka na ɗauki kaina ina saurayi.

A ƙauyenmu, can kusa da garin Babban Mutum, da jikinka kake awo. Zane da kamu ake sayensa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Gindin rumbu da taku ake zagaya shi. Rijiya da gaba ake faɗar zurfinta, wato ka buɗe hannuwanka biyu iyakar buɗewarsu. Nisa kuwa da rana ake auna shi: wancan gari tafiyar hantsi ne, wancan sai azahar. Idan na rufe ido har yanzu ina jin ƙarar safiyar garin, taɓarya tana amsa taɓarya daga gida zuwa gida, guga yana bugun bangon rijiya kafin ya kai ruwa, jakuna suna kukan rashin dalili. A ƙarƙashin duk wannan akwai wata ƙaramar ƙara da ni kaɗai na san ta, ƙarar tafin mahaifina yana murza zaren rama a cinyarsa. Aikinmu mu yara shi ne mu kai damin rama tafki mu danne da dutse, bayan kwanaki mu je mu ciro mu ɓare, mu dawo muna wari har kaji na kauce mana. Na tsani aikin nan kamar me, yau kuwa da za a sayar min da warin da na saya.

Mahaifina matuƙin igiya ne, kuma ba a taɓa yin mai tsawonsa a yankinmu ba. Dogo kowa ke ce masa, har sunansa na yanka ya ɓata. Ba ya shiga zauren kowa sai ya sunkuya, shi ya sa wasu ke tsokanarsa cewa ladabinsa na dole ne. Da yake da gaba ake sayar da igiya, gabansa ya zama abin nema. Igiya gaba goma ta Dogo tana kai guga cikin ruwa a rijiyar da gaba goman wani ke barin guga yana lilo a sama. Saboda haka mutane ke zuwa takanas daga Baure, wasu daga tsallaken iyaka, ƙasar da tsofaffinmu ke ce wa Faransa, su wuce matuƙa uku su zo gindin gawon da yake zama. Zai miƙe ya buɗe hannuwa, ya ja igiyar bisa ƙirjinsa yana ƙirga a bayyane, in ya kai ƙarshe ya ƙara kamu ɗaya na ɗaurin guga. Yakan ce, "Gaban mutum shi ne tsayinsa. Duk wanda Allah ya halitta, ya ba shi awon kabarinsa a hannuwansa biyu, yana yawo da shi bai sani ba." Mu dai dariya muke yi, don mun ɗauka zancen tsofaffi ne.

Ni aka sa a boko a gidanmu. Na haddace inci sha biyu ƙafa ɗaya, ƙafa uku yadi ɗaya, da bulala a bayana. Ban gama jin daɗin haddar ba aka ce a ajiye, mita ta zo. Lokacin ne aka canza hannu a titi aka canza kuɗi, komai na ƙasar kamar an kama shi an juya. Da na fita makaranta na samu aiki cikin masu gyaran hanya, kuma da yake hannuna yana da kyau a rubutun lamba, aka ba ni bokitin fenti da buroshi. Aikina in bi duwatsun gefen hanya in shafe mil in rubuta kilomita. Tsofaffi su tsaya da jakunansu suna kallona, su ga lambar jiya ƙarama ta yau babba, su ce, "Yaro, me muka yi wa gwamnati ta ƙara wa Daura nisa?" Ni kuma in gyara tsayuwa in yi musu bayani, cewa hanyar tana nan yadda take, mil ne ya fi kilomita, kamar yadda mita ta fi yadi da kaɗan. Wannan magana ta mita ta fi yadi na faɗe ta ya fi a ƙirga, a kasuwa, a tasha, a majalisar samari, har wa wanda bai tambaye ni ba. A riƙe wannan, don shi ne abin da ya fi ci min rai.

In na zo gida hutu, da tef a aljihu nake zuwa, in bi ina auna abin da ba a sa ni ba, ƙofar ɗaki, bakin rijiya, tsawon akuya. Wata rana na auna igiyar da Baba ya gama aunawa, na ce, "Baba, asara kake yi. Gabanka ya fi na kowa, kana ba mutane igiya a banza. Bari in yanko maka sanda, kowa a auna masa daidai." Bai ɗaga kai daga tufkarsa ba. Bature yake ce min tun da na fara aikin hanya. Ya ce, "Bature, tsawon nan saye na yi?" Na ce a'a. Ya ce, "To abin da aka ba ni kyauta shi kake so in fara yi wa mutane rowa da shi? Je ka auna akuyarka." Na tashi ina ƙunƙuni, ina ce wa raina mutanen da ba sa son ci gaba.

A wata bazara, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi, Baba ya ɗauki igiyoyinsa ya tafi cin kasuwa a wani ƙauye na tsallaken iyaka, inda yayata ke aure. Nisan bai wuce mil biyar ba, ko kilomita takwas in ka fi so. Can zazzaɓi ya kama shi a gidan Yaya. Ina gida hutu aka aiko, na ari keke na tafi, na same shi kwana biyu yana fama. Safiyar kwana na uku ya kira ni da sunana na gaskiya, ba Bature ba, ya ce in ta Allah ta kasance a mayar da shi gida, kusa da mahaifiyarsa. Rana ba ta yi sama sosai ba ya cika. Aka aika rumfar wani mai sayar da yadi a bakin kasuwarsu aka yanko likkafani, aka yi masa wanka aka suturta shi. Mijin Yaya ya nemo amalanken shanu da za a ɗauko shi. Limamin garin ya zaro kara daga dangar gidan, ya zaɓi mafi tsawo, ya shimfiɗa gefen Baba, ya ƙara yatsu huɗu, ya karya. Ya miƙo min ya ce, "Kai ke da keke. Yi gaba ka kai wa masu haƙa, kafin shanu su iso an gama. Ka riƙe shi kamar shi kake riƙe."

Wanda bai taɓa tuƙa keke a rairayi da dogon kara a hannu ba, ba zai gane ba. Na ɗaure shi a jikin keken, ya hana kan keken juyawa. Na kwance na riƙe a hannu ɗaya, keken ya yi ta kwasata gefe. Ban fita daga lungun garin ba sai da ya sarƙe a dangar wani gida, na faɗi. Idona cike da hawaye, zuciyata na cewa yi sauri, rana na yi, kada gawa ta iso ba a gama ba. Ina tashi sai ga ni a gaban rumfar mai yadin nan da aka yanko likkafani, sandar awonsa tana ajiye bisa tabarma. Dabara ta faɗo min, irin dabarar da ke zuwa wa mai ƙaramin sani. Na ce ya ara min sandar, na shimfiɗa karan a ƙasa na auna. Sanda biyu cif, ba ragi ba ƙari. Har wani sanyi na ji a raina, na ce ga amfanin ilmi, abin da zan ɗauka a hannu in sha wahala ga shi na ɗauka a ka. Na jingine karan a jikin rumfar, na hau keke na taka iyakar ƙarfina, ina maimaita biyu, biyu, biyu.

Da na iso gida na sanar, kuka ya tashi a cikin gida, ni kuwa ban tsaya ba. Na wuce zauren telan garinmu, wanda shi ma yana taɓa sayar da yadi, na ɗauki sandar awonsa, na nufi maƙabarta. Sandar nan da waccan kamar uwa ɗaya ta haife su, duk sun yi baƙi da shafar hannu, duk da ɗan gwangwani a bakinsu don kada su cinye. Can suna ce mata sanda, nan muna ce mata sanda. Ban tsaya na tambayi kaina ba wace ƙasa na auno, wace ƙasa zan auna. Tasu mita ce, tamu yadi.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne babban masu haƙar kabari a garin. Na same shi da mutum huɗu sun riga sun share wuri kusa da kabarin kakata, da dagi da fartanya da tsohuwar ƙwarya ta kwasar ƙasa. Ya dubi hannuna ya ce, "Ina karan?" Na ce, "Kawu, ba sai da kara ba, na auno. Sanda biyu ne cif." Na durƙusa na aza sandar sau biyu, na ja layi a kai da ƙafa. Kawu ya tsaya yana kallon layukan nan ya daɗe. Ya ce, "Ɗan nan, Dogo fa za mu sa a nan. Idona bai ba ni ba." Na ce, "Ido yana ƙarya, Kawu, awo ba ya yi. Har yatsu huɗun da ake ƙarawa suna ciki, liman ya ƙara a gabana." Ya sake kallon layin, ya kalle ni. Ni ne ɗan mamacin, ni ne na zo daga wurin gawar, ni ne kuma ɗan bokon da gwamnati ta yarda ya rubuta mata nisan garuruwa. Ya ce, "To, bismillah," ya kafa dagi.

Sun gama uwar kabarin, sun haƙa ɗan ramin ciki inda ake kwantar da mamaci, an sare itatuwan rufi an jera, sannan amalanke ya iso wajen azahar. Mutane sun taru fiye da yadda na zata, duk wanda ya taɓa ɗaura guga da igiyar Dogo ya zo. Aka yi salla a bakin gari, aka ɗauko shi a makara. Ni da Kawu da mijin Yaya muka shiga muka karɓe shi. Muka sa kansa a wurinsa, muka juya shi bisa damansa yana fuskantar gabas, muka zo sauke ƙafafu. Ƙafafun suka tsaya a kan gaɓar ramin. Mijin Yaya ya ɗan ja shi sama, kai ya tokare bango. Wani daga sama ya ce a ɗan lanƙwasa gwiwar mana. Kawu ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Mutumin da ya yi rayuwarsa yana sunkuya wa zaurukanku, ba zan lanƙwasa shi a ɗakinsa na ƙarshe ba. Ku karɓe shi."

Haka muka ɗago mahaifina daga kabarinsa muka mayar da shi makara, gefen likkafaninsa duk jar ƙasa. Babu inuwa a wurin, sai dattawa huɗu suka tuɓe manyan rigunansu suka kama gefe da gefe suka yi masa rumfa. Da an zage ni da na ji sauƙi, da Kawu ya ɗauke ni da mari da na gode masa. Bai yi ba. Ya fita ya nufi wata gona da ke kusa, ya zaro kara daga shingenta, ya dawo ya miƙo min a gaban jama'a. Ya ce, "Je ka auno mahaifinka." Na durƙusa a ƙarƙashin rigunan nan, na shimfiɗa karan a gefensa. Na ƙara yatsu huɗu na karya. Kawu ya karɓa ya sa a ramin, sai ga kan karan ya hau gaɓa ya yi saura. Ya kama hannuna ya aza a kan abin da ya yi sauran, ya zo daidai tafina, daga wuyan hannu zuwa kan dogon yatsa. A nan ne sandunan biyu suka faɗo min a rai, na ji muryata tana gaya wa tsofaffi a bakin hanya cewa mita ta fi yadi da kaɗan. Kaɗan ɗin ke nan a ƙarƙashin hannuna.

Ƙasar bazara ba ta haƙuwa da sauƙi. Tsawon tafin hannu ɗaya ne kawai, amma ina jin kowane saran dagin nan a ƙirjina, kuma har yau in ana sara a gini kusa da gidana sai in tashi in bar wurin. Saurin da na yi don kada ya jira, shi ya sa ya jira a rana. Da suka gama muka sake sauke shi, ya kwanta sosai, ƙafa a miƙe. Aka jera itace, aka rufe, aka yi addu'a, Kawu ya aza karan bisa kabarin yadda ake yi a garinmu. Mutane suka bi layi suna ba ni hannu suna cewa Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri, ba wanda ya ƙara ko kalma.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, amma labari ba ya neman izini kafin ya shiga gida. Da yamma na shiga gaida mahaifiyata Inna, na same ta a ɗaki an kewaye ta, ta sa aka ba mu wuri. Ta ce, "An ce sau biyu aka kwantar da shi." Na ce, "I, Inna." Ta ce, "An ce kai ka kawo awon." Na ce, "Ni ne." Ta yi ta jan bakin zanenta. Can ta ce, ba da faɗa ba, kamar da kanta take magana, "Shi da bai taɓa rage wa kowa igiya ba." Ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah, kuma na san ta yafe min, don ta faɗa da bakinta. Ni ne dai ban gama da kaina ba. Sau biyar a rana nake wanke hannun nan in zan yi salla, kuma ba ranar da ba na ganin tsawonsa.

Na koma aikin hanya, na yi shekaru ina awo da tef, na zama wanda ake kira in lissafi ya rikice. Ban ƙi mita ba, ban ƙi yadi ba, da su na ci abinci na aurar da 'ya'ya. Abin da na daina shi ne yarda da kaina a tsakaninsu. Har na bar aiki, in aka ce min biyu sai na ce biyun me, na wace sanda, har yaran ofis suka sa min suna Biyun Me. Suna dariya, ni ma ina taya su, ban taɓa gaya musu daga ina tambayar ta fito ba.

Kwana uku da rasuwar maƙwabcina na samo irin dawa, doguwar nan ta mutanen da, ba gajerar zamani ba, na shuka rami uku a kusurwar gida inda ruwan alwala ke gangarawa. Mai ɗakina ta ce, "Malam, wannan gonar ko kaza ba za ta ƙosar ba." Na ce ba don hatsi na shuka ba. Na kewaye su da tsohuwar ragar waya saboda awaki, kuma na hana kowa ya taɓa ko ganye. Da babban ɗana ya zo, wanda shi aikin gini ya karanta kuma tef ba ya barin ƙugunsa, na zaunar da shi a gabansu na ba shi labarin nan tun daga gindin gawo har maganar Inna. Shi ne mutum na farko da na gaya wa da bakina. Da na gama ya ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Amma ai yanzu ba a irin wannan kuskuren. Tef ɗina ba ya ƙarya." Na ce, "Na sani. Sandunan nan biyu ma ba wadda ta yi ƙarya." Na ce masa in ranar ta zo ya yanki ɗaya daga cikin nan, ya auna ni da hannunsa, ya ƙara yatsu huɗu, ya kai da kansa. Kada ya faɗa a waya, kada ya rubuta a takarda, kada ya jingine shi a ko'ina. In a mota ne ya sauke gilashi ya fitar da kansa waje, in mutane sun yi dariya su yi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ɗauka, Baba."

Duk daminar nan kullum da safe sai na je na tsaya a gefensu, in ga inda suka kawo min. Suka zo gwiwa, suka zo ƙugu, suka daɗe a kafaɗa har na fara tunanin ko za su riga ni ko zan riga su. Yau da na dawo daga masallaci na tsaya kusa da na tsakiyar, na aza hannu a kaina na miƙa sama, na ga ya wuce ni da tafi ɗaya har da yatsu huɗu. Na kira mai ɗakina na ce ta kawo min tabarma nan kusurwar, na zauna, har aka kira azahar ban tashi ba.